Yadda Na Kai Naman Goggo Yagana Alƙahira

Tun da muka dawo daga Masar bakina bai huta ba. A wurin aiki a tare ni, a gidan suna a ja ni gefe, har mai kayan miyan bakin layinmu sai da ya ce, "Malama Hauwa, wai da gaske kin ga Fir'auna?" Kowa da ɓangaren da yake son ji, ni kuma na gaji da yanka labari gunduwa-gunduwa. Shi ya sa na ce bari in zauna in zayyana shi tun daga farko, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Ni ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce a wani asibiti a nan Potiskum. Na daɗe ina leƙa madubin likita, amma abin da nake nema bai wuce ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ƙwan tsutsar ciki ba. Wadda na raka kuwa Goggo Yagana ce, ƙanwar mahaifina, ita ta riƙe ni a gidanta da ke unguwar Dogo Nini tun ina 'yar shekara shida. Turaren wuta da humra take haɗawa, sana'ar da ta gada wurin kakarmu da ta zo daga Borno.

Shekara uku ke nan da aka gano tana da sankarar mama. Aka yi mata aiki a wani babban asibiti a Kano, aka ɗora ta kan wata 'yar ƙwaya, ɗaya kullum. Ni na tsaya kai da fata sai an bi hanyar asibiti, lokacin da rabin dangi ke cewa a kai ta wurin mai saiwa. Ta miƙe garau, ta koma kan sana'arta. Sai bayan babbar Sallah wani ƙullutu ya fito mata a gindin wuya, mai tauri kamar ƙwallon goruba. Ba ya ciwo, amma kullum ƙara girma yake. Likitan Kano ya ce ciwon ne ya dawo. Nan surutu ya tashi. Wasu suka ce ƙwayar jabu ce, wasu suka ce jifa ne, wasu kuma ba su ce komai ba, sai dai in na shigo ɗaki su yi shiru. Shirun nan ya fi ci mini rai.

Ɗanta Bukar, mai lodin shanu zuwa Kudu, shi ya dage sai an fitar da ita waje. Goggo ta amince, amma da sharaɗi. Ta ce, "Wannan ce ta ƙarshe. In sun ce babu, ku dawo da ni ɗakina, kada wanda ya sake tsira mini allura."

Likitan nata bai hana ba. Sai ma ya ce in je ɗakin ajiyarsu in karɓi ragowar naman da aka cire mata wancan karon, in tafi da shi. Ashe ba duka ake zubarwa ba. Ana daskarar da ɗan yanki a cikin kaki, ya zama dunƙule bai kai akwatin ashana ba, a rubuta masa lamba a ajiye. Ya haɗa ni da takarda mai hatimi, ya ce, "Kada ki bar shi a zafi, kakin zai narke." Kada a bar shi a zafi, a Potiskum! Da na kawo shi gida sai na naɗe shi da auduga, na saka shi a ƙaramar kular abinci, na rufe gam.

Ranar tafiya muka shiga motar Kano da sassafe. Direba ya miƙo hannu zai jefa kular a but, na rungume ta na ce a cinyata za ta zauna. Kusa da ni wani dattijo ne mai raha, daga jin Hausarsa ka san ɗan Ngizim ne. Da muka tsaya a Azare kowa ya sayi ƙwai da awara, sai ya dube ni ya ce, "Malama, tun Potiskum kike rungume da kular nan ba ki buɗe ba. Rowa ce ko azumi?"

Goggo ta leƙo ta ce, "Nama ne a ciki, Alhaji."

"To ai shi ke nan, bismilla!"

"Nawa ne. Na jikina."

Dattijo ya matsa jikin taga, ya maƙale can har muka wuce Jama'are. Ni dariya ta cika mini ciki, Goggo kuwa ko a jikinta. A Wudil dattijon ya sauka ya sayo soyayyen kifi ya ajiye wa Goggo a cinya. Ya ce irin ciwon nan ne ya ɗauki uwar 'ya'yansa, ta ɓoye shi har ya fashe. "Ku da kuka samu kuka fito, ku je da ƙarfinku. Allah ya sa a dace." Ban tambayi sunansa ba, har yau ina jin haushin kaina.

Jirgi kuwa, daga ni har ita wannan ne shigarmu ta farko. Da ya ɗaga, Goggo ta damƙe hannuna ta karanta duk abin da ta haddace, har da addu'ar shiga kasuwa. Da aka kawo abinci tsoro ya tafi, ta shiga ƙorafin cewa shinkafar ba ta ji gishiri ba.

A filin jirgin Alƙahira aka ce mu buɗe jaka. Jami'in ya fito da kwalaben turare, ya shinshina ya gyaɗa kai. Ya fito da ƙullin daddawa, ya shinshina ya ja da baya. Sannan ya buɗe kula, ya warware auduga, ya ɗaga dunƙulen kaki yana kallon ɗan abin da ke tsakiyarsa. Ya ce, "Eh da?", wato mene ne wannan. Goggo tana da Larabcin Shuwa na ciniki, wanda ta koya wurin matan da ke kawo mata itacen turare, kuma tun a jirgi take ɗokin gwada shi. Kafin in buɗe baki ta buga ƙirji ta ce, "Laham hanayi!" Namana ne.

Mutumin nan ya ajiye abin a hankali kamar zai fashe, ya kira wasu biyu. Ni kuma na nemi takardar likita sama da ƙasa, ashe na cusa ta a ƙasan ɗaya jakar, ƙarƙashin zannuwan Goggo. Na zazzage komai a kan tebur, gumi na keto mini, mutanen layi na kallo. Da na samo ta, wata jami'a mace ce ta karɓa ta karanta. Ta dubi wuyan Goggo, ta mayar da dunƙulen cikin audugarsa da hannunta, ta sumbaci Goggo a ka, ta yi mata addu'ar samun lafiya. Goggo ta ce mini, "Kin gani, Kulu? Sun ji Larabcina."

A waje tafintan da asibiti ya turo yana jiranmu, dogon dattijo baƙi cikin farar jallabiya. Na shirya Turancina, sai na ji ya ce, "Marhaban da baƙin ƙasar Hausa. Kun iso lafiya?" Malam Usman ke nan. A Sudan aka haife shi. Kakansa ya taso daga Katagum a ƙafa zai je Makka, ya yada zango a bakin kogi, zangon da bai tashi ba ke nan. Shi Malam Usman bai taɓa taka Nijeriya ba, amma Hausarsa irin ta kakanni ce, mai nauyi, jefi-jefi da Larabci. Da muka ce masa jiya da safe muka ratsa ƙasar Katagum, sai ya tsaya cak da jaka a hannu. Ya ce, "Kun bi ta nan? Akwai itatuwan kuka har yanzu?" Goggo ta kwance jaka a nan bakin titi, ta ba shi ƙullin kuka da daddawar da jami'in nan ya guje wa. Ya riƙe su da hannu biyu yana dariya, idonsa ya kawo ruwa.

Masaukinmu a hawa na biyar yake, a wani tsohon bene kusa da asibiti. Akwai lif mai ƙofar ƙarfe, amma hawa kawai yake kai mutum, saukowa sai da ƙafa, kuma babu wanda ya iya gaya mini dalili. Abin da ya fi burge ni kwando ne. Mace tana samanta za ta ziraro kwando da igiya ta baranda, ta ƙwala wa mai gurasa kira, ya zuba mata ta janye. Na ce da a Dogo Nini ne, kafin kwandon ya kai rabi akuya ta gama da shi.

Washegari da hantsi Goggo ta ce ɗakin yana warin rufi. Ta tura ni wurin mai shayin ƙasan bene na roƙo garwashi, ta zuba a kaskon da ta taho da shi, ta barbaɗa turare har ba ka ganin na kusa da kai. Ba a yi minti biyar ba muka ji ana dukan ƙofa kamar za a ɓalla ta. Ina buɗewa sai ga wata ƙatuwar mata da bokitin ruwa, tana ihun gobara. Maƙwabciyarmu ce, Ummu Karim. Ta kutso, ta ɗaga bokiti, sai ƙamshin ya doki hancinta. Ta tsaya, ta ajiye bokitin a hankali, ta lumshe ido. Goggo ta zaunar da ita, ta tura mata kasko ƙarƙashin doguwar rigarta irin yadda muke yi wa amare. Kafin la'asar matan bene shida sun shigo, kowacce da tata rigar a hannu.

Daga ranar Ummu Karim ta ɗauke mu kamar 'yan'uwa. Ita ta koya mana tsallaka titi. Mu da muka tashi a garin tireloli muna ganin babu titin da zai ba mu tsoro, amma a can motoci ba sa tsayawa kuma ba sa ƙarewa. Sai ta kama ni a dama, Goggo a hagu, ta ɗaga haɓa ta shiga tsakiyarsu, motocin su dinga kauce mana. Ni dai ido nake rufewa.

Abincinsu na safe wake ne da aka dafa ya yi lugub, da mai da lemon tsami, a ci da gurasa mai kama da ta Kano. Akwai wani da suke ji da shi, shinkafa da taliya da makaroni da ƙananan wake duk a kwano ɗaya. Goggo ta juya shi da cokali ta ce, "Mai girkin nan ba ta yanke shawara ba." Yaji babu, sai wanda muka zo da shi. Amma ranar da Ummu Karim ta kawo mana wata koriyar miya mai yauƙi, tana ta yi mana bayani da hannu cewa abincin sarakuna ne, Goggo ta ɗanɗana ta fashe da dariya. "Kulu, lalo ne! Lalon bayan gida muka hau jirgi muka zo ci!"

A asibiti aka ɗebi jini, aka yi hotuna, sannan aka sa wata doguwar allura aka ciro ɗan zare na nama daga ƙullutun wuyan. Ni kuma na kai dunƙulena ɗakin gwajinsu. Shugabar wurin, Dokta Nadiya, gajeruwa ce mai tabarau rataye da sarƙa, tana Turanci da sauri kamar ana korar ta. Da ta ji irin aikina sai ta ce, "Ashe ke tamu ce. In na gama rini zan kira ki, ki gani da idonki." Aka ce mu jira kwana shida.

A kwana na huɗu Malam Usman ya kai mu bakin kogin Nilu da rana, muka shiga kwalekwale mai filafili. Ina ta ɗaukar hoto, Goggo kuwa tana kallon ruwa. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kulu, akwai abin da ban gaya miki ba. Lokacin bikin 'yar Hajja Bintu a Maiduguri na manta ƙwayar a gida. Kwana huɗu ban sha ba. Da kika tambaye ni na ce na sha. Ni na jawo. Ana ta zagin ki, alhali ni ce."

Ashe wata da watanni tana ɗauke da wannan ita kaɗai, ni kuma ina ɗauke da nawa. Na ce mata ban yi tsammanin kwana huɗu za su yi haka ba, amma gaskiya ban sani ba, za mu tambaya. Muka dawo masauki.

A rana ta shida Dokta Nadiya ta aiko a kira ni. Madubinta mai kai biyu ne, ita ta leƙa ta nan, ni ta can, muna ganin abu ɗaya.

Ta saka gilashin farko. "Wannan daga naman da kika kawo ne, na shekara uku. Me kika gani?"

Na ga ƙwayoyin halitta a manne da juna, sun yi da'ira-da'ira da rami a tsakiya, kamar bakin rijiyoyi. Ta ce, "Asalinsu ƙwayoyin bututun nono ne. Sun lalace, suna hayayyafa babu tsayawa, amma ba su manta ko su wane ne ba. Kin ga har yanzu ƙoƙarin gina bututu suke yi." Ta sauya wani gilashin na naman nan dai, wanda aka yi wa rini na musamman. Kusan kowace ƙwaya tana da ɗigo mai ruwan ƙasa a tsakiya. Ta ce in ɗauke shi kamar kunne. Da shi suke jin sinadarin jikin mace yana ce musu su ƙaru, kuma ƙwayar da Goggo take sha kunnen nan take toshewa. Sannan ta zame gilashin zuwa wani lungu. "Amma dubi nan." Wasu 'yan ƙwayoyi ne, ba su fi a ƙirga da yatsu ba, fayau, babu ɗigon. "Waɗannan tun wancan lokaci ba su da kunnen."

Sai ta saka na wuyan. Wallahi na ɗago kai na ce, "Dokta, an yi kuskure. Wannan ba naman mutum ɗaya ba ne."

Babu da'ira, babu rami. Ƙwayoyin sun warwatse, wasu sun yi tsawo da tsini gaba da baya kamar mazari, wasu sun jeru ɗaya bayan ɗaya suna kutsawa cikin lafiyayyen nama. Ɗigon nan mai ruwan ƙasa kuwa ko ɗaya babu.

Ta yi dariya ta ce duk ɗalibinta haka yake cewa a karon farko. Ta tabbatar da wasu alamu cewa daga maman nan suka fito, jikokin na farkon ne. Ta ce akwai wani abu kamar danƙo da ke riƙe irin waɗannan ƙwayoyi da maƙwabtansu. Yayin da ƙari, wato ƙullutun ciwon, ke girma, wasu daga cikinsu, musamman na bakin gefe, sukan rage yin danƙon, su sauya siffa, su koyi rarrafe, abin da ƙwayar bututun nono ba ta san shi ba. Sai su faɗa hanyar ruwan kaluluwa ko ta jini. In sun sami wurin zama, wasu su sake mannewa da juna su kafa sabon ƙari.

Na ce, "To kunnen fa, ina ya tafi?"

Ta ce hanya biyu ce, kuma sau da yawa tare suke tafiya. Maganin ya danne masu kunne, sai 'yan tsirarun nan marasa kunne suka sami fili suka yaɗu. Wasu masu kunnen kuma, da matsi ya yi yawa, suka daina yin sa, suka nemi wata hanyar rayuwa. "A makaranta an koya miki ƙari abu ɗaya ne da ke kumbura. Ba haka ba ne. Taro ne na iri-iri, kuma wanda kika bari bara ba lallai shi za ki tarar bana ba. Shi ya sa ba ma yi wa ciwon yau magani da takardar shekara uku."

Na ce, "Wato babu magani ke nan."

Ta ce, "Ban gama ba. Leƙa."

Gilashi na ƙarshe, na wuyan ne shi ma, da wani rinin daban. Ban taɓa ganin abu mai kyau da ban tsoro lokaci guda kamarsa ba. Kowace ƙwaya an zagaye ta da zobe mai ruwan ƙasa, kauri, ba yankewa, duk filin ya zama kamar saƙar zuma. Ta saka tsohon naman mai irin rinin nan, da kyar ake ganin inuwar zoben. Ta ce wannan ita ce sabuwar hanyar da suka kama, wata ƙofa ce a jikin bangonsu da suka yawaita, ta nan suke karɓar umarnin girma yanzu. "Kuma akwai magani da aka yi takanas domin ƙofar nan. Wancan karon da an ba ta, da bai yi mata amfani ba. Yanzu zai iya."

Ban san sanda na miƙe ba. Kujera ta kife, na buga gwiwa da tebur, na ce "Allahu Akbar!" da ƙarfin da ma'aikata biyu suka leƙo. Dokta Nadiya ta riƙe madubinta da hannu biyu tana dariya. Da na natsu ta cire tabarau ta ce, "Ki ji ni da kyau. Ban ce warkewa ba. Na ce akwai abin yi, mai ƙarfi. Kuma yadda suka sauya sau ɗaya, suna iya sake sauyawa. In hakan ta faru, sai a sake dubawa." Na roƙe ta ta bar ni in ɗauki hoton gilasan da wayata ta cikin madubin, ta riƙe mini da kanta har ya fito.

Da yamma muka shiga wurin babban likitan da zai yi maganin, Malam Usman yana fassara. Na nuna wa Goggo hotunan biyu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, ka tambaye shi. Kwana huɗu na yi ban sha ƙwaya ba. Shi ne ya jawo?"

Likitan ya girgiza kai tun Malam Usman bai rufe baki ba. Ya ce kwana huɗu a cikin shekara uku ba su ne ba. Ƙwayar ta yi aikinta, ba jabu ba ce, shaida ita ce waɗanda take kamawa ba a ga ko ɗaya ba. Waɗanda suka rage, ko ta sha sau biyu a rana ba za su ji ba.

Goggo ta sauke wani dogon numfashi. Ta ce, "Wato kamar kuɗin cizo. Ka yi feshi, masu mutuwa su mutu, masu taurin kai su gaje katifa, sai ka sauya magani." Malam Usman ya sha wuya kafin ya samo sunan kuɗin cizo da Larabcinsu. Da likitan ya gane, ya buga tebur yana dariya, ya ce zai ara ya dinga gaya wa ɗalibai.

Sannan ya yi bayanin sauran. Maganin ta jijiya ake sa shi, duk bayan mako uku, tare da wani mai zubar da gashi, kuma za a dinga duba zuciyarta. Na farko a nan, sauran a Kano. Na dubi Goggo, don ban manta sharaɗinta ba. Ta gyara mayafi ta ce, "Na ce in sun ce babu. Ai ba su ce babu ba." Ta miƙa hannu ta naɗe hannun riga. Likitan ya ce ba yau ba, sai jibi.

Kafin mu taso mun je mun ga dalolin nan na Masar da kowa ke tambaya. Manya ne ƙwarai, na yarda. Wani mai raƙumi ya bi mu yana lallashin Goggo ta hau a ɗauke ta hoto, ta ce a gaya masa a garinsu raƙumi kaya yake ɗauka, ba Hajiya ba. Fir'auna kuwa ban gan shi ba, ranar da za mu je gidan tarihin da aka ajiye gawarsa Goggo tana fama da tashin zuciyar ƙarin ruwan farko. Ummu Karim ta raka mu har mota tana kuka, Goggo ta bar mata kaskon da ragowar turaren. Malam Usman ya ce in Allah ya yarda sai ya zo ya ga Katagum kafin ya mutu, muka ce masaukinsa na Dogo Nini.

Yanzu an yi mata ƙarin ruwa na huɗu. Gashi ya zube, abinci wani lokaci ba ya shiga, amma ƙullutun ya koma kamar ƙwayar gyaɗa, sai ka lalubo. Duk wanda ya zo dubiya sai ta sa na nuna masa hotunan nan biyu, ita ke bayani, ni ina gyara mata.

Shekaranjiya da azahar ina ɗakin gwaji, wata mata ta shigo, matar wani tela ce a unguwar Hausari, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ba ta da takardar likita. Ta zauna a benci har kowa ya fita, sannan ta matso ta ce a hankali, "Malama Hauwa, an ce ke kin ga fuskar abin." Kafin in amsa ta kama hannuna ta kai shi ƙarƙashin hijabinta. Na ji shi, a gefen hagu, mai tauri.

"Tun yaushe?"

"Tun damina. Ko maigidan bai sani ba."

"Me ya sa yau?"

Ta ce, "Jiya na ga Hajiya Yagana a gidan biki. Ita ke turara amarya, tana yi wa mutane faɗa."

Na cire safar hannu, na kulle ɗakin gwajin. Na riƙe hannunta muka nufi ofishin likita, ban sake shi ba har aka kira sunanta.